Ratsin Hasken da Ban Gani Ba

Mun tashi da asuba, ko in faɗa daidai, minti ashirin kafin kiran sallar farko, domin ban taɓa bari mota ko jirgi ya jira ni ba, kuma ban yi niyyar farawa ina da shekara saba'in da ɗaya ba. Abokin tafiyata ɗan ƙanwata ne, magidanci mai fataucin tufafi tsakanin Kano da ƙasar Sin. Ya tuna mini cewa jirgin Legas sai ƙarfe tara. Na ce masa na sani. Muka yi salla a masallacin filin jirgi, sannan muka zauna awa uku muna kallon mai shara.

Wannan bayani zuwa gare ku ne, tsofaffin ɗalibaina, ku da kuka haɗa hannu don farfaɗo da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantarmu. Aiki guda kuka ba ni: in je Guangzhou, in duba kayan da aka saya da idona, in sa hannu kafin a rufe akwatuna. A taron da aka yanke shawarar, ɗayanku ya miƙe ya ce duk abin da Malam ya sa wa hannu ba ya bukatar a sake dubawa. Aka yi tafi, na zauna na karɓa. Alhali kuwa wata biyu kafin wannan taro, likitan ido ya shaida mini cewa akwai yana a idanuna duka biyu, ta dama ta fi kauri, kuma ya kamata a cire ta kafin shekara ta ƙare. Ban gaya wa kowa ba, har maiɗakina. A cikin jerin kayan akwai na'ura guda wadda na shekara talatin da huɗu ina zana ta da alli a kan allo ba tare da na taɓa ganinta ba. Na ji tsoron idan na faɗi maganar likita za ku tura wani.

Game da Legas ba ni da abin faɗa wanda ba ku sani ba. Mun kwana ɗaya, muka hau jirgin da ya yada zango a Habasha, daga can muka miƙa gabas. Tafiya ce mai tsawo ƙwarai, har mutum ya rasa lokacin da zai lissafa sallolinsa da shi. Don kada lokacin ya tafi a banza, na ɗauki takardar da aka naɗo cokali a ciki na zana wa ɗan ƙanwata na'urar, kamar yadda na sha zana muku.

Ga waɗanda suka manta, ko suka yi barci a aji, ga yadda abin yake. Masanan da suka gabata sun lura cewa igiyar ruwa tana tafiya ne a kan ruwa, sauti kuma a cikin iska, sai suka ce lalle haske ma yana da abin da yake tafiya a cikinsa. Suka sa wa wannan abu suna eta, suka ce ta cika sararin samaniya duka, ba a ganinta, ba a taɓa ta. To idan haka ne, duniya da take gudu tana kewaya rana tana keta etar nan ke nan. Ku ɗauki masu kwalekwale biyu a kogi, ƙarfinsu ɗaya. Guda ya haye zuwa wancan gaɓa ya dawo, guda ya bi ruwa ya gangara sannan ya dawo yana fama da shi, nisan tafiyarsu ɗaya. Ba za su iso tare ba. Wasu masana biyu a Amurka, a ƙarshen ƙarni na sha tara, suka yi wa haske irin wannan tsere. Suka raba shi biyu da wani madubi mai barin rabin haske ya wuce, rabi ya karkata. Kowane rabi ya je ya bugi nasa madubin ya dawo. Inda suka sake haɗuwa sai ratsi-ratsi su bayyana, na haske da na duhu a jere. Idan akwai eta, to da zarar an juya na'urar ratsin zai gusa. Suka ɗora komai a kan faifan dutse, dutsen yana yawo a kan zaiba, suka yi ta juyawa suna leƙawa. Gusawar da suke tsammani ba ta zo ba. Sun so ƙwarai su gan ta, amma suka rubuta cewa ba su gani ba, suka buga wa duniya. Ko da na kai nan na ɗaga kai, ɗan ƙanwata ya yi nisa a barci.

Guangzhou ta tarye mu da wani zafi mai danshi, kamar an lulluɓe mutum da jiƙaƙƙen bargo. Lokacin ana tsakiyar wasannin Olamfik a Beijing, kuma ko da yake garuruwan biyu suna da nisa, ko'ina tutoci ne da manyan allunan talabijin. Tsaro ya yi tsanani. Ɗan ƙanwata ya ce biza ta yi wuya a bana yadda bai taɓa gani ba, kuma kada in kuskura in fita ko ƙofar masauki ba fasfo. Sau biyu 'yan sanda suka tsayar da mu a unguwar Xiaobei, inda baƙaƙen fata suka fi sauka, suka duba takardu cikin ladabi, suka sallame mu. Hanyoyin sun burge ni. Gada a kan gada, wata ta uku a kansu, kuma tun daga filin jirgi har masauki motar ba ta faɗa rami ko ɗaya ba. Wannan da bayana na auna shi, don haka ina da tabbaci.

A Xiaobei akwai wani dogon bene da ake kira Tianxiu, cike da shaguna da ofisoshin masu aika kaya. Na shiga ina shirin jin baƙon harshe, sai na ji wani yana waya yana rantsuwa da Hausar 'yan kasuwar Kwari ta Kano cewa bai ci ko sisi a kan kayan ba. Akwai mutanen Kano, akwai 'yan Nijar masu tsarma Faransanci, akwai 'yan zangon Ghana. Kowa ya ɗan tsinci maganar mutanen garin. Mai shago sunansa loban, idan kuma ka tambayi abin da babu sai a ce meyo, har Bakano yana faɗa wa Bakano haka. Abinci bai zama matsala ba. Akwai Musulmin ƙasar masu fararen huluna da suke miƙar da taliya da hannu a gabanka, su jefa ta a romon naman sa, kwano cike a kan kuɗin da bai kai na tasi ba. Sun ba ni tsinkaye biyu in ci da su. Na nemi cokali, kuma ban ji kunyar wannan ba. A wani ɗaki a hawa na sama wata mata 'yar Damagaram tana sayar da tuwon shinkafa da miyar kuka. Tuwon ya yi ruwa kaɗan, amma kukar ta gida ce.

A benen ne aka gabatar da ni ga wanda zai aiko mana da kayan, wani Alhaji ɗan zangon Kumasi, mai fara'a, wanda Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Na yi ta cije harshena don kada in gyara masa. Ya ce, "Malam, kwantena zai rufe Asabar da magariba, Lahadi shi tafi Nansha. Kaya ya zo, ya shiga. Bai zo ba, sai bayan azumi." Nansha ita ce tashar jiragen ruwa da take kudancin garin. Na amsa masa da cewa ni ba a taɓa jirana ba.

Rana ta uku na raka ɗan ƙanwata kasuwar Shahe, inda ake sayar da tufafi a kan sari. Ban taɓa ganin yawan riguna irin wannan ba, kuma ban ga mutum ɗaya yana tafiya a hankali ba. Masu turin kaya suna ratsa mutane da baƙaƙen buhuna da suka fi su tsawo, wanda bai kauce ba shi ya sani. Ciniki da na'urar lissafi ake yi: mai shago ya danna farashi, ka girgiza kai ka danna naka, ya dafe ƙirji. A bakin wani shago na ga wani dogon mutum cikin kwat ya tsaya ya tare hanya. Na nemi ya matsa, cikin Turanci mai kyau, har sau biyu. Da ya ƙi motsi na soma gaya masa abin da nake tunani game da tarbiyyarsa, sai ɗan ƙanwata ya jawo hannuna ya ce, "Kawu, ku yi haƙuri da shi, mutum-mutumi ne." Muka yi dariya, na ce hasken shagon ne ya kashe mini ido. Wannan ita ce dama ta farko da na samu ta faɗin gaskiya, na bar ta ta wuce.

Ranar Alhamis muka je siton da aka tara kayanku, a hawa na uku na wani tsohon gini da ke bakin babbar hanya. Mai wurin matashi ne, amma wadda take kula da duba kaya mahaifiyarsa ce, wata dattijuwa mai gajeren farin gashi, tabaronta a rataye da zare. Ashe ita ma malamar fiziks ce da ta yi ritaya. Turancinta na littafi ne kamar nawa, don haka muka fahimci juna fiye da yadda muke fahimtar matasan. Ranar na yi aikin da kuka aike ni, kuma ina tsaye a kansa. Kwalaben gwaji, sikeli, wayoyi, maganaɗisu, duk abubuwa ne da yatsa yake iya dubawa. Na bi bakin kowace kwalba da ɗan yatsa, na ware goma sha ɗaya masu tsaga. Na mayar da sikeli guda saboda allurarsa tana sarƙewa. Mai sito ya soma huci, amma dattijuwar ta gyaɗa kai, ta sa aka canza. Na koma masauki ina jin kaina kamar dā. Na'urar raba haske kuwa aka ce sai safiyar Asabar za ta iso daga masana'anta.

Asabar ɗin ita ce ranar da 'yan ƙwallon Najeriya za su buga wasan ƙarshe na Olamfik da tsakar rana. Tun a tasi ɗan ƙanwata yake duba agogo, domin an shirya kallo a Tianxiu har da soyayyen nama. Ban kawo wannan a matsayin uzuri ba. Babu wanda ya gaggauta ni.

An ɗora na'urar a kan wani faifan ƙarfe mai juyawa, a wani ɗaki da aka saki labulensa. Ta fi yadda na zata ƙanƙanta, ba ta wuce faranti babba ba. Na shafa ta, na gane kowane sashe daga zanen da na saba yi: ga madubin rabawa a tsakiya, ga hannuwa biyu, ga fitila mai haske ruwan ɗorawa, ga ɗan bututun da ake ɗora ido a kai. Dattijuwar ta kunna fitilar, ta ajiye mini fom ɗin karɓar kaya, ta ce za ta kawo shayi kafin fitilar ta yi zafi mu fara.

Na kasa jira. Na ɗora idon dama, na ga hazo ruwan ɗorawa. Na ɗora na hagu, na cire tabarau, na mayar, hazon dai shi ne. Ɗan ƙanwata yana tsaye a bayana. Ya ce, "Kawu, ya yi?" Na ce masa ya yi mini shiru. Na kama faifan na juya shi a hankali har ya zagayo, ido a kan bututu, kamar yadda littafi ya ce a yi. Sannan na zaro alƙalamina na tawada. Fom ɗin bai nemi komai ba sai sa hannu da kwanan wata. Amma ni ban saba sa hannu kawai ba. A sararin da ke ƙasa na rubuta, da rubutuna mai kyau da kuka sani, cewa ratsi ya fito sarai, an juya na'ura zagaye guda, ba a ga gusawa ba. Na sa hannu, na ja layi biyu a ƙarƙashin kwanan wata.

Dattijuwar ta dawo da tire. Ta sa tabarau ta karanta abin da na rubuta. Ta sunkuya ta leƙa bututun, bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Sai ta zagaya bayan na'urar, ta sa farce ta ɓare wata shuɗiyar takarda mai danƙo daga fuskar madubi na biyu, irin wadda masana'anta take mannawa don kada ya karce a hanya. Ta ajiye takardar a kan tebur kusa da fom ɗina.

Ta ce, "Malam, madubin nan a rufe yake. Babu wanda zai ga ratsi a haka."

Ko ɗalibin aji huɗu ya san cewa idan rabi ɗaya na hasken bai dawo ba, babu abin da zai haɗu da wani. Na tsaya da alƙalami a hannu. A cikin wannan ɗan lokaci na ƙirƙiro amsoshi uku a zuciyata, kowace ta fi 'yar'uwarta muni, kuma ina gode wa Allah da ya riƙe harshena. Ɗan ƙanwata ya juya yana kallon labule.

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kira ɗanta ba. Ta tsiyaya shayi ta turo mini, ta ce, "Wane idon ne?"

Na ce, "Duka biyu."

Ta nuna nata ta ce an cire mata tata yanar bara, aikin bai kai minti talatin ba, kuma ita ma sai da ta zuba gishiri a shayin baƙi kafin ta yarda ta je asibiti. Daga nan ta zauna a gaban na'urar, ta yi ta murɗa ƙananan notocin da ke bayan madubin, kaɗan-kaɗan, kusan rubu'in awa. Sannan ta yafito ɗan ƙanwata. Mutumin da ya yi barci a kan bayanina ya sunkuya, ya daɗe, ya ce, "Kawu, ga su nan kuwa. Baƙi da rawaya, a jere, kamar zanen saƙi." Wata babbar mota ta wuce a titi, ginin ya ɗan girgiza. Ya ce, "Af, suna rawa." Dattijuwar ta taɓa faifan da yatsa ɗaya ta fara juyawa, ya ce sun gudu gaba ɗaya.

Ta yi mini bayani, malami ga malami, ba tare da ta sassauta ba. Ƙaramar na'ura irin wannan, a kan tebur, ratsinta yana motsi ko mutum ya yi tari kusa da ita. An yi ta ne don yara su ga ratsin da idonsu, su kuma gane wahalar aikin. Ba za ta iya gwada eta ba. Dalilin dutse da zaiba ke nan. Na shekara talatin da huɗu ina faɗin dutse da zaiba, ina rage maki ga wanda ya manta su a jarrabawa, amma sai a ɗakin nan na san amfaninsu. Wato abin da na rubuta ƙarya ne ta fuska biyu, domin ko mai lafiyar ido ba zai ga abin da na ce na gani ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da ta sake saitawa, sai ta lura ratsin yana zamewa da kansa ya ɓace cikin minti ɗaya, ko ba a taɓa komai ba. Ɗaya daga cikin notocin ba ya riƙewa. Ka'idar siton ita ce da zarar mai saye ya sa hannu, sai a buga wa akwati ƙusa, magana ta ƙare. Sa hannuna yana kan tebur. Da ta ga dama ta ɗauka, da yanzu akwai na'ura a kan teku wadda ba yaron da zai taɓa ganin komai a cikinta, da sunana a jikin takardarta. Ta ɗauki waya ta yi wa wani faɗa da harshensu, aka ce za a kawo sabon noti da la'asar.

Haka muka zauna jira. Ɗan ƙanwata ya kira Alhajin Kumasi yana roƙon a bar mana wuri, sannan ya je ya tsuguna cikin masu ɗaure kaya a gaban wata ƙaramar talabijin. A nan ya ga an ci mu ɗaya ba mu rama ba, ba nama, ba abokan ihu. Ni kuwa na zauna a ɗakin labulen ina tunanin inda na samo wannan hali, domin hannuna bai yi gardama ba lokacin da yake rubutun, ya tafi ne kamar a kan hanyar da ya sani.

Mahaifina akawun jirgin ƙasa ne, shi ya sa ni a makarantar mishan. Baturen da ya koya mana kimiyya mutum ne mai tsafta da tsanani, kuma har gobe ina ganin girmansa. Amma a wurinsa amsar gwaji tana cikin littafi tun kafin a fara gwajin. Wanda sakamakonsa ya saɓa wa littafi, sakaci ya yi, kuma akwai bulala. Kayan aikinmu tsofaffi ne, ba sa ba da amsar littafi. Saboda haka muka koyi wata dabara wadda ba a taɓa faɗinta da baki ba: a fara daga amsa, a yi lissafi da baya, a cika jadawali da lambobin da za su haife ta, a ɗan saɓa ɗaya ko biyu don kada abin ya yi kyau da yawa. Na ƙware a wannan har na zama na ɗaya. Da na zama malami ban taɓa ce muku ku yi haka ba. Na dai soke duk sakamakon da bai dace da littafi ba da jan biro, na bar ku ku gano sauran da kanku. Na tuna wata ɗaliba da ta kawo mini amsar gwajin lilo, wato zare da dalma, wadda ta yi nisa da ta littafi. Ta ce sau biyar ta maimaita, haka take samu. Na ba ta sifiri, na kira ta malalaciya a gaban aji. Bayan shekara biyu na gano agogon awon da ke teburinta yana jinkiri. Na sa aka jefar da agogon, ban neme ta ba. Tana cikinku, ta san kanta.

Da la'asar noti ya iso. Dattijuwar ta ɗaura, ta saita, ta sa ɗan ƙanwata ya zauna ya leƙa minti goma cur, ni ina riƙe da agogo kusa da hancina. Ratsin ya tsaya. Ta yago sabon fom ta miƙo mini. Na rubuta cewa ni ban ga ratsi ba saboda lalurar ido, wanda ya gani shi ne mai sa hannu a ƙasa, kuma ratsin ya tsaya minti goma, yana rawa idan mota ta wuce. Ɗan ƙanwata ya sa hannu da irin rubutun da a dā zan mayar masa ya sake. Ta buga jan hatiminsu. Ta ɗaga fom na farko tana tambayata da ido ko ta yaga. Na karɓa na ninke na sa a aljihu. Da za mu fita na gode mata da kalmar godiyarsu guda da na koya, ta gyara mini yadda ake faɗa, na maimaita.

A cikin motar da ta ɗauko akwatunan ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ai magana ta mutu a can. Daga ni sai tsohuwar nan, ita kuwa ba ta san kowa a Kano ba. Ku ba ni takardar in jefar."

Na ce, "Da ka leƙa, ka ga ratsin ko don ka faranta mini ka faɗa?"

Ya ce, "Wallahi na gani."

Na ce, "To ka riƙe wannan, ka bar mini tawa."

Mun isa wurin lodi ana kiran magariba. Alhajin Kumasi ya bar mana wuri a bakin ƙofar kwantena, ya kuma tarye ni da cewa, "Malam wanda ba a jiran shi, sannu da zuwa." Na amsa gaisuwar, domin ya fi ni gaskiya. Washegari ya ɗauke mu a motarsa zuwa wajen Nansha don in ga inda kayan za su tashi. Tafiyar ta fi awa ɗaya, ta gonakin ayaba da masana'antu. An ce mini wurin yana da ban mamaki, kwantenoni jibge kamar unguwanni, da injinan ɗaga kaya masu tsayin hasumiya. Abin da na gani shi ne inuwoyi masu launi da farin sama. Alhajin ya nuna wata mota a cikin layi ya ce ko na ga lambar tamu. Na ce ban gani ba. Ya karanta mini, na rubuta.

Mun sauka Kano kwana uku kafin azumi, da yamma, ana yayyafi. Kafin in cire takalmi na gaya wa maiɗakina maganar likita. Ta ce ta sani tun ranar da na yaba wa sabon zaninta alhali shekara uku tana ɗaura shi, tana jira ne ta ga yaushe zan gaji. An sa ranar aikin idon bayan Salla.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, kuma ya zo a makare. Na ɗauka darasin wancan gwaji shi ne babu eta, na koyar da shi a matsayin amsar da za a haddace. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin halin mutanen da suka yi shekaru suna gina abu don su ga gusawa, suka leƙa ba su ga yadda suke so ba, suka ɗauki alƙalami suka rubuta haka ba. Ni minti biyu aka bar ni da irin wannan jarrabawa, ba mai bulala a kaina, na faɗi.

Saboda haka ga abin da nake nema. Na haɗa kwafin fom ɗin duka biyu da wannan bayani, a karanta su a taro mai zuwa, na farkon kafin na biyun. A naɗa wani ya sake duba duk kayan idan sun iso, har da waɗanda na duba da yatsa. Wadda na ba sifiri a gwajin lilo, da duk wanda na soke masa gaskiyarsa da jan biro, ina neman gafararku, kuma zan zo in nema da bakina ga wanda ya ba ni izini. Maganar sa sunana a ƙofar ɗakin gwaje-gwajen, wadda na ji ana yi, a bar ta.

Ranar da za a kunna fitilar a makaranta, kada a ajiye mini kujera a gaba. A bar ni in bi layi a bayan 'yan aji huɗu. Idan layi ya zo kaina zan leƙa, kuma duk abin da na gani, ko ban gani ba, za ku ji shi yadda yake.